Mai Gadin Motar Papi

"Ka rufe me?!"

Yamilet ta juya ga Papi, wato mahaifinta Don Eusebio, wanda ya daka tsawar. Wata shida tana roƙon Papi ya zo gandun dajin Everglades ya ga Dariel, saurayinta mai aikin rakiyar baƙi. Da kyar ya ba da wuni ɗaya, ya ce idan yaron bai kwanta masa ba a bar maganar aure. Ga shi ko gaisawa ba su gama ba, Dariel ya miƙo tamfol, wai a rufe motar Papi.

"Motar, Don Eusebio. Ungulayen nan..."

"Ni za ka ce wa ungulu?"

Osmany, dillalin motoci da Papi ya fi so mata, wanda ya biyo su ba gayyata, ya yi caraf.

"Kunyar tsohuwar motarka yake ji, Don Eusebio. So yake ya ɓoye ta kar baƙi su gani."

Shi ke nan! Motar da Papi ke gogewa kowace safiya kafin ya gaida kowa a gida.

"Ka taɓa ta da tsumman nan, ka manta da 'yata!"

Dariel ya naɗe tamfol ɗinsa. Bai ma bi su yawon kallo ba.

Awa guda suka yi a kan gadar katako. Kadoji na kwance baki buɗe, sauro na cin rabonsa, Osmany na zuba kamar rediyo. Yamilet ba ta ga komai ba sai hawayenta.

Dariel ya gudu... daga tsawa ɗaya ya gudu ya bar ta!

Suna dawowa filin ajiye motoci Osmany ya ƙwala ihu. Ungulaye sun fi goma a kan sabuwar motarsa, sun yage robar gilashi, sun tsinke waifa, ɗaya har tana jan robar ƙofa kamar taliya. Haka suke yi a nan, kowa ya sani, ban da baƙo mai taurin kai.

Motar Papi kuwa ko kwarzane babu.

Dariel ne tsaye kusa da ita cikin rana, yana kaɗa hula yana tsalle, gumi sharkaf, kafaɗarsa fari fat da kashin tsuntsu.

"Ban taɓa ta ba, Don Eusebio," ya ce yana haki. "Ko da yatsa."

"Rabin raina..." Dariya da kuka suka haɗe wa Yamilet. "Wari kake!"

Papi ya zagaya motar sau biyu, ya shafa robar gilashi. Can ya zaro makulli ya jefa wa Dariel.

Yamilet ta dafe ƙirji. Shekara talatin da aure, Mami, mahaifiyarta, ba ta taɓa riƙe makullin nan ba.

"Kai za ka mai da mu gida. Akwai maganar ranar biki."

"Papi!" Ta faɗa jikinsa tana shessheƙa.

"Yi kukanki a waje, 'yar nan, kujerun fata ne. Kai kuma surukina, cire rigar nan kafin ka shiga."