Takardar Da Na Ƙi Janyewa

"Ki janye takardar nan, ko mu fasa."

Mahaifiyar Injiniya ce ta faɗi haka a falon Ummana, saura wata biyu a ɗaura mana aure.

Ina durƙushe, kaina a ƙasa, na ce, "Ki yi haƙuri Mama... ba zan janye ba."

Umma ta galla mini harara.

Takardar ƙorafi ce na shigar a kamfanin sabulun da muke aiki, ni a ɗakin gwaji, Injiniya a wajen injuna. Wanda na kai ƙara shugaban sashenmu ne, ƙanen Mama ciki ɗaya, kawun da ya riƙe Injiniya tun rasuwar mahaifinsa.

Wata bakwai ina haɗiye abin. Da yabon turarena ya fara, ya koma aikena sito ni kaɗai, sai ya biyo bayana. Ranar da ya tare ƙofa ya damƙe hannuna, ya ce ai abin ɗa na uba ne, sai da na yi amai a banɗaki. Na kira Injiniya ina kuka, na kasa faɗa masa dalili.

Ana haka kamfani ya kawo wata malama ta yi mana horon kwana biyu kan cin zarafi a wurin aiki. Maza suna ta raha, wani direba har ya tambaya ko yanzu sannu da aiki ma ta zama laifi. Malamar ta yi dariya, ta ce a'a, amma duk wasan da ba za ka so a yi wa ƙanwarka ba, ka ajiye shi a bakin get. Ta ce ba a tsangwamar wadda ta kawo ƙorafi, ba a kuma yanke wa wanda aka zarga hukunci sai an ji ta bakinsa.

A ranar na rubuta takardar.

Sakatariyar kawu, wadda ta daɗe tana kai wa Injiniya abinci yana mayar mata, ta samu abin da take nema. Ta baza cewa ni na bi kawu don a ƙara mini girma, da ya ƙi na ƙulla masa sharri. In na shiga ɗakin cin abinci sai hira ta mutu.

Injiniya kuwa kwana huɗu bai kira ni ba. A na biyar ya tare ni bayan an tashi, duk ya faɗa. Ya ce kwamitin bincike ya neme shi.

"Me za ka ce musu?"

"Abin da na sani, Zinariya. Ban gani da idona ba... ba zan ce na gani ba."

"Wato ba ka yarda da ni ba."

"Na yarda. Amma in na yi miki ƙarya ɗaya, da ita za su rushe gaskiyarki duka."

Na juya na bar shi tsaye. Ranar na fi jin haushinsa a kan na kowa.

Mutum uku ne a kwamitin, biyu mata, ɗaya daga wajen kamfani. Awa biyu suna saurarena, ba wanda ya tambayi irin kayan da na sa. Kawu ma suka ba shi awa biyunsa, suka ce ya kawo shaidu. Da farko abin ya ƙona mini rai. Sai da sakatariya ta rantse ta gan ni a ofishinsa ranar da nake kwance a gida da zazzaɓi, sannan na gane amfanin barin kowa ya yi magana.

Injiniya ya faɗi ranar da na kira shi ina kuka da lokacin, bai ƙara ko wasali ba. Wata dattijuwa mai shara ta ce a daidai lokacin ta ji ina cewa a sake ni.

Aka sallami kawu. Sakatariya ta samu takardar gargaɗi.

Washegari Injiniya ya zo ya durƙusa gaban Abbana. Ya ce kawu uba ne, zai girmama shi har ƙarshen rayuwarsa, amma ba zai biya shi riƙo da mutuncin matar da zai aura ba. Ina bayan labule ina ji, hawaye na zuba. Da ya fito na ce masa har yanzu ban huce ba.

Ya ce, "Ki huce a ɗakinki, ba sauri nake ba."

Aka ɗaura aure. Mama ba ta zo ba.

Duk ƙarshen mako sai na sa ya kai ni gaishe ta. Sau shida ina sallama daga tsakar gida, ana ce mini ta kwanta. A na bakwai ta ɗaga labule da kanta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke dai akwai taurin kai."

"Akwai, Mama."

Har na ɗauka za ta saki labulen.

"To shigo, ki daina tsaya mini a rana."