Sawu a Ɗanyen Siminti

Duk wanda ya ci kasuwar Mallawa shekarun baya ya san rumfar Maikano, can ƙarshen layin masu tukwane, inda ba mai son a gan shi tsaye. Kayan makewayi ne sana'ar gidansu: bakin masai na yumɓu, kwatarniyar wanka, indararo. Uwarsa Yakura ke ginawa, shi da ƙanensa Sadiƙu su lodo a amalanken jaki daga ƙauyensu na wajen Dogo-Dogo. Sana'ar ba ta taɓa barinsu da yunwa ba. Amma Maikano ba ƙoshi yake nema ba, so yake a daina kiransa "na masai" ana ƙunshe dariya.

Ya koyi zuba dal, wato faifan simintin da ake rufe ramin masai da shi, mai matakin ƙafa biyu. Ya zuba ashirin, suka shekara jingine da bango kaji na hawa. Da baƙin ciki ya ishe shi, sai ya hau moto, wato babur, ya nufi wani kufai bayan Sassumbrum, inda aka ce akwai bokan da ba ya mayar da mai buƙata.

Rana tsaka ya isa. Ba gida ba bishiya, sai wani tsohon masai da ya rufta, an kewaye shi da ƙaya an rataya jajayen tsummoki. A cikin ramin bokan yake zaune kan kifaffen turmi. Jikin ramin duk ƙoƙuna ne cike da rairayi, kowane da shatin ƙafar mutum. Ƙudaje sun rufe su baƙi ƙirin, amma ko ɗaya ba ya motsi.

"Sauko da ƙafar hagu," in ji boka. "Shekara nawa gidanku na yi wa mutanena rufi, ba ku taɓa gaishe su ba."

"Su wa ke nan, ranka ya daɗe?"

"Mazauna ƙarƙashin kowane masai. Su za su janyo maka masu saye."

Maikano ya ce, "Rago zan kawo, ko sa?"

"Jini ya ishe su, sawu suke so. Duk shekara kafin ruwan fari, wani mai ci daga tukunyar gidanka ya taka ɗanyen siminti ba takalmi. Da sawun nan za ka fitar da matakin kowane dal na shekarar."

"Shi mai sawun, me zai same shi?"

Boka ya dube shi. "Don ka sani kake tambaya, ko don ka ce ka tambaya?"

Maikano ya sunkuyar da kai, bai sake tambaya ba. Ni dai a nan na yanke masa hukunci.

Da uwarsa ya fara. "Inna, ki sa mini albarka, ki taka nan." Tsohuwa ta cire takalmi tana dariya ta taka, har da addu'a. Kafin girbin gero masu saye sun yi layi, daga Dungas, daga Magariya, har daga tsallaken iyaka. Ya ɗauki ma'aikata, ya ta da bene, aka koma kiransa Alhaji.

Ita kuwa Yakura, wata safiya ta ce, "Maikano, wani na tsaye a kan ƙafata." Aka duba ba kowa. Kullum aka sayar da dal, sai masu tsayuwar su ƙaru. Duk wanda ya tsuguna a kan sawunta, ko a wane gari yake, nauyinsa a kanta yake sauka. Ta daina tafiya, ta daina zama. Matan da suka yi mata wankan gawa sun ce ƙafafunta sun baje kamar waina.

Maikano ya gane sarai. Ya yi kuka na gaske a makabarta, kuma da shekara ta zagayo ya kira Sadiƙu ya taka. Shi Sadiƙu ƙarfi gare shi, bai mutu da wuri ba, hankalinsa ne ya fara tafiya. Yana ɗaure a turu yana roƙon mutanen da ba a gani, "Don Allah ku sauka ɗaya-ɗaya." Bayansa sai Hinda, matar Maikano. Mutanen gari suka ce wata cutar ƙashi ce ta shiga gidan, suka ci gaba da saye.

Saura mutum ɗaya, 'yarsa Saliha, mai karatu a lise, wato sakandare, ta Magariya. Ita kaɗai yake so fiye da sunan Alhaji, ya kuma rantse ƙafarta ba za ta taɓa siminti ba. Sai ya samo wani baƙo ɗan cirani, ya ajiye shi a zaure wata guda yana ci daga tukunyar gida, sannan ya sa shi ya taka.

A shekarar ne wani furoje, wato shirin raya karkara, ya ba shi aikin da bai taɓa samun irinsa ba: masai ɗari biyu na lakwal, wato makarantun boko na yara. Ya bar sawun baƙon a hannun ma'aikata, ya tafi Damagaram da Kano sayen siminti da ƙarfe, ya yi sati uku. Yana dawowa ya tarar kamyo na ƙarshe, babbar motar dako, na fita da kaya, Saliha da ta zo hutu tana tsaye a bakin ƙofa, fuska cike da murna.

"Baba, sannu da hanya. Na fitar da kai kunya fa. Mutanen furoje sun zo suka ce matakin ya yi wa yara girma, za su ba wani aikin. Ƙafar baƙon nan kamar faranti. Sai na sa aka kwaɓa sabo na taka. Sun ce ba su taɓa ganin mai kyansa ba."

Maikano ya dubi ƙafafunta, da lalle, da ɗan farin siminti a gefen farce.

Ya koma kufai a ranar. Ramin ya cike da rairayi, har ciyawa ta tsiro a kai.

Ranar da aka koma lakwal, da hantsi, lokacin da ake buga ƙararrawa yara su fita shan iska, Saliha ta faɗi a tsakar gida. An ji ihunta har masallaci.

Daga nan Maikano ya ɗauki guduma ya shiga bin ƙauyuka yana fasa masan yara. Ya fasa goma sha ɗaya kafin mutane su taru su ɗaure shi. Yana ta faɗa musu gaskiya, kuma sai a ranar suka tabbata ya haukace. Ma'aikata suka watse, bene ya zama gidan jemagu.

Saliha ba ta mutu ba, yara ba su da nauyin manya. Tana kwance a ɗakin gwaggonta, ta san lokacin kowace ƙararrawa ba tare da agogo ba. Asabar da Lahadi kaɗai take samun sauƙi, kuma a ranakun takan tambaya ko an ba Baba abinci.

Kai mai ganin halaliyarka ta yi maka kaɗan, ji da kyau. Duk arzikin da aka ce maka ba sai ka san farashinsa ba, a kan wani naka za a aza shi, kuma ba kai za ka zaɓi na ƙarshe ba. Allah Ya raba mu da kwaɗayin da ke sa mutum ya taka uwarsa don a kira shi Alhaji.