Ta'aziyyar Ticha Wahid

A zangon Salaga, in an ambaci Ticha Wahid sai a girgiza kai. Wasu su ce boko ne ya taɓa shi, wasu su ce tun rasuwar matarsa bai dawo daidai ba. In ba haka ba, mutum ya haura arba'in, ya ajiye alli, wai zai koyi tuƙin jirgin sama?

Taslima ta ji duk wannan kafin ta gan shi. A tashar Yendi suka haɗu, tana jiran motar Bawku, inda take aikin ungozoma. Yana zaune kan buhun doya, yana karanta wani littafi mai hotunan gajimare.

"Kai ne Direban Saman da ake faɗa?"

"Da saura, Nos," ya ce, ganin kayan asibitin da ke jikinta, yana matsa mata wuri.

Sunayen nan suka bi su. Ita ma ta binne miji, don haka shirunsa bai dame ta ba.

Da manyansa suka kai goron tambaya Yendi, mahaifinta Malam Sayibu ya karɓa, amma bai raba ba.

"Ba ƙin sa nake ba," ya ce mata. "Amma ranar da aka neme shi a ƙasa fa?"

Wahid na makarantar jirgi a Afirka ta Kudu, a makon jarrabawarsa ta ƙarshe, Malam ya rasu. Taslima na zaune cikin masu makoki saƙo ya shigo:

"Nos, na ji. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki haƙuri. Jibi zan tashi da mai gwaji, in na bari ya wuce, shi ke nan. Zuciyata na wurinki."

Ta kife wayar. A gidansu ba a aiko ta'aziyya, kawo ta ake yi da ƙafa. Alhaji Faruq, dillalin albasar Bawku da ya daɗe yana nemanta, ya zo ya zauna kan tabarma har aka yi sadakar uku. Gwaggonninta suka yi ta yaba shi a kunnenta.

Ta daina amsa kiran Wahid. Ta koma Bawku tana karɓar haihuwa, in ta fito ta yi kukanta a bayan ɗakin magani.

Ya ci jarrabawa, wani kamfanin jirage ya ɗauke shi. Bai aiko mata hoto ba. Sai yayanta Aruna ya kira.

"Mutumin naki ya dawo, kullum yana ƙofar gidanmu cikin tsohuwar jallabiya. Ya je kabarin Baba. Me zan ce masa?"

Taslima ta gyara riƙon wayar.

"Yaya, ku raba goron."

Aka ɗaura aure a Yendi ba kiɗa, tsofaffi suka sa albarka. Da la'asar aka bar su su biyu. Ta zauna bakin gado, ba ta ɗago ba.

Ya durƙusa a gabanta.

"Taslima, ba zan ɓoye miki ba, wataƙila ko yau ne abin ya faru, jirgin zan hau. Amma da muryata ya kamata ki ji ni ranar, ba a rubuce ba. Kunya ce ta hana ni, na bar ki ke kaɗai. Na yi kuskure. Ki yafe mini."