Inda Kakin Bai Taɓa Ba

Da hantsi aka kira Sufeto Gallant. An tsinci gawar Alsid Robisho a garejinsa, a-kori-kurarsa ta danne shi.

Gallant ya iso yana jan ƙafa. Garejin sai warin kakin hana tsatsa, wanda kowa a garin ke fesa wa ƙarafan gindin motarsa kafin a fara watsa gishiri kan titi saboda ƙanƙara. Tayoyin gaba a cire suke, jak a kwance.

"Hatsari ne, yallaɓai," in ji mataimakiyarsa, Saje Doiron. "Jak ya sulle. Mu rubuta mu tafi, kofina na hucewa."

Gallant ya durƙusa da ƙyar, ya haska tocila. Kaki ya rufe ƙarfen ko'ina, ban da wuri biyu, dama da hagu, kowanne faɗin tafin hannu.

"Me ya hana kaki taɓa nan?"

"Mantuwa?"

"Shekara arba'in yana wannan aikin. Ƙafafun ƙarfe na tallafe mota ne suka tokare wurin yana feshi. Ina suke?"

Suka duba garejin kaf. Babu.

Maƙwabcin mamacin, Wendal Pike, wanda ya kira 'yan sanda, yana zaune a barandarsa. Tsohon abokin kamun kifin Gallant ne.

"Wendal, ka shiga garejin?"

"Daga bakin ƙofa na leƙa. Kai ma ka san ba na taka gidan nan."

"Yana sa ƙafafun ƙarfe?"

"Wannan mai taurin kan? Jak kawai."

Gallant ya san dalilin gabar. Bara da sanyi motar nan ta buge matar Wendal a bakin titi, ta mutu. Kotu ta ce santsi ne.

Ya dubi igiyar shanyar Wendal. Riga mai kauri tana ɗiga.

"Yaushe ka fara wanki da safe, tsoho?"

"Tun da na rasa mai yi min."

Gallant ya taɓa kafaɗar rigar. Ko'ina ta jiƙe, amma nan ruwa ya tsaya ƙwaya-ƙwaya. Ya shinshina yatsansa.

"Ruwa ba ya cin kakin nan, Wendal. Don haka ake sayensa. Daga bakin ƙofa ka same shi a kafaɗa?"

Gallant ya nuna bayan gidan.

"In sa Saje ta buɗe rumfar itacenka, ko ka hutar da mu?"

Tsohon ya dubi hannuwansa.

"Suna bayan itacen. Injin feshi na ƙara, bai ji ni ba. Na ɗaga jak kaɗan, na zare su, na saki. Na roƙe shi ya sayar da motar, ko ya kai ta bola. Kullum sai na gan ta ta taga. Jiya ya ce min in ya fesa mata kaki za ta ƙara shekara goma. Shekara goma, Gallant!"

Saje ta ciro ankwa. Gallant ya girgiza kai.

"Ɗauko wata rigar, Wendal, da sanyi. Wannan tamu ce yanzu."

Wendal ya rufe ƙofarsa, ya miƙa wa Gallant makulli. Da suka zo wucewa ta gaban garejin, Wendal ya juya fuskarsa ga bango.