Kwalbar Maganin Baba Labbo

Ranar Litinin da hantsi wata malamar makaranta mai suna Fiddausi ta shigo caji ofis na Argungu, ta ajiye kwalbar magani a gaban Sufeto Riskuwa.

"Ranka ya daɗe, babana na da ciwon karkarwa, wanda likitoci ke kira Parkinson. Duk wata ina aiko kuɗin maganin nan daga Birnin Kebbi, amma jikinsa sai ƙara lalacewa yake."

"Wa ke sayo masa?"

"Shafi'u, ɗan ƙanensa."

Sufeto ya je gidan, ya iske mahaifin Fiddausi, Baba Labbo, tsohon masunci, a zaure, komar kamun kifi a kan cinyarsa, hannunsa na rawa ya kasa ƙulla zare. Shafi'u na tsugune gefe.

"Kowane wata ni ka zuwa asibiti, yallaɓai," in ji Shafi'u. "Likita ta rubuta, in sayo. Ciwon ne yaƙ ƙi."

Sufeto ya fita da kwalbar a aljihunsa. Washegari ya hau mota zuwa asibitin Birnin Kebbi.

Likita Khadijatu, wadda ke duba Baba Labbo, ta juya kwalbar, ta ɗaure fuska.

"Ai wata huɗu ke nan da na sauya masa magani. Wannan tsada gare shi. Sabon da na rubuta, Levodopa, ya fi araha nesa, kuma ya fi yi wa dattijo irinsa aiki. A hannun Shafi'u na sa takardar. Tun ranar ban sake ganinsu ba."

Ta zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannunta.

"Sufeto, wannan farasitamol ne."

Da la'asar Sufeto ya koma zauren tare da Fiddausi da wani kofur.

"Shafi'u, ina takardar da likita ta ba ka?"

"Ta... ta ɓace."

"To, nuna mini kemis ɗin da kake saye. Mu je yanzu."

Shafi'u ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ambaliya ta ci min shinkafa. Da farko niyyata in sayo mai arahar in riƙe canji. Daga baya shi ma na daina, nika cika tsohuwar kwalba."

Fiddausi ta rufe fuska da mayafi.

Kofur ya sa wa Shafi'u ankwa. Sun kai bakin ƙofa Baba Labbo ya ɗaga hannunsa mai rawa.

"Yallaɓai, yaushe za shi dawo?"

"Sai abin da kotu ta ce, Baba."

Tsohon ya sauke hannunsa.

"Na san maganin ba shi aiki," ya ce a hankali. "Na yi shiru ne. Duk garin ga, shi kaɗai ka shigowa shi zauna da ni."