Kwantiragin Mai Ɗauko Ruwa

A shagon gyaran kekuna na Haj Larbi da ke birnin Meknes Zuhair ya fara ganin Gizlan. Faci ya kawo shi, ya tarar da 'yar mai shagon ta duƙufa a kan wasan kwamfutar nan da shi ma ya hana shi sakat, wanda mutum ke zama manajan ƙungiyar tseren keke, ya ɗauki mahaya, ya yanka musu albashi.

"Albashin mahayanki ya haura kasafi," ya ce, ba a tambaye shi ba.

"Kai ma tayarka ta sace, malam. Kowa ya ji da tasa."

Tun daga ranar tayar Zuhair ta koyi sacewa duk mako. Suka haɗa ƙungiya ɗaya, ita ke riƙe da kasafi, shi ke tsara tsere. Yana ce mata Ma'ajina, tana ce masa Kocina, so kuwa ya yi musu kamun kazar kuku.

Da lokacin sabunta kwantiragi ya zo, gwanin mahayansu ya nemi a ninka masa albashi. Kuɗin ba zai kai ba sai an sallami Darif, tsohon mahayin da aikinsa ɗauko wa gwani ruwa daga mota da tare masa iska.

"Ki sallami tsohon nan kawai," in ji Zuhair. "Ɗan ɗauko ruwa ne, ya ci zamaninsa."

Haj Larbi na gefe yana kwance keke, sifanarsa ta tsaya cak. Zuhair bai san wannan aikin dattijon ya yi duk ƙuruciyarsa ba, har gwiwa ta gaza aka watsar da shi.

Ranar da iyayen Zuhair suka kai dunƙulen sukari na neman aure, Haj Larbi ya karɓe su da mutunci, ya mayar musu da sukarinsu. Ga ɗan ƙanwarsa mai aikin banki yana jira a gefe a ba shi ita. Gizlan ta yi kuka har ta gode wa Allah, sannan ta tura saƙo:

"Kocina, gyambon Baba ka taka ba ka sani ba. Shi ma mai ɗauko ruwa ne a da. Ina tsoron rasa ka."

"Ma'ajina, kar ki taɓa kwantiragin kowa. Ina nan zuwa Juma'a bayan an ci kuskus."

Ya zo, ya durƙusa, ya ajiye kwamfutar gaban dattijon. Gizlan na bakin ƙofa tana leƙe.

"Haj, na juya kasafin nan ta kowace fuska, ba zai ɗauki mutum biyun ba."

Haj Larbi ya ɗora tabarau. "Wato danna wannan kawai, mutum ya tafi?"

"Shi ke nan."

"Hm. Ni a bakin mai wankin motar ƙungiya na ji tawa sallamar."

Zuhair ya sabunta wa Darif, ya saki gwanin.

"Za ku sha kashi bana, yaro."

"Na sani, Haj."

"Don 'yata ka yi?"

Zuhair ya sunkuyar da kai. "Rabi don ita ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Rabin kuma, na koma na kalli tserenmu na bara. Duk inda gwanin ya ci, a bayan tsohon nan ya ɓuya wa iska. Ni ne ban taɓa kallon wurin ba."

Dattijon ya fashe da dariya. "Da ka ce ba don ita ba ne, da da famfon keke zan raka ka. Je ka ce wa mahaifiyarka ta dawo da sukarin nan, shayinmu ya yi ɗaci."

Kashi kam sun sha, ƙungiyar ta ƙare kusa da ƙarshe, Gizlan ba ta daina yi masa gori ba har ranar biki.

Ana tsakiyar kiɗa da guɗa, ango na zufa cikin farar jallabiya, sai ga Haj Larbi yana ratsa taro da ɗingishinsa, riƙe da tsohuwar gorarsa ta tsere. Ya miƙa wa Zuhair.

"Sha, ɗana, ka ba ta ta sha. Hanyar da nisa, ku riƙa tare wa juna iska. Allah ya yi muku albarka."