An Riga An Shiga da Sunanki

"Sule biyar ne, Malama."

Roseline ta tsaya da jakarta a hammata tana duban Dogara, mai tsaron ƙofar gidan rawa na Farin Wata, kamar ba da ita yake ba. Tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙi da tabo a haɓa, kuma tun da aka canja kuɗi zuwa naira da kwabo a watan jiya bakinsa ya ƙi kama "kwabo hamsin". Asabar ce ta ƙarshen wata, an biya ma'aikatan reluwe albashi. Rana ba ta gama faɗuwa ba, amma layi ya kai bakin titi, daga ciki kuma ana jiyo ƙahon makaɗan da aka ɗauko daga Jos.

Ta yi masa bayani a hankali, da muryar da take koyar da 'yan aji uku. Dokar gidan ce: kowane memba yana da mace ɗaya da aka rubuta a katinsa, ita ba ta biyan kuɗin ƙofa. Bartholomew, akawun ofishin kaya a tashar Kafanchan, tun Kirsimeti ya rubuta sunanta.

Dogara ya lashi yatsa, ya buɗe littafin membobi, ya bi layi har ya tsaya.

"Roseline Kambai... ai ta shiga."

"Wa ta shiga?"

"Roseline. Tun biyar da rabi."

"Ni ce Roseline."

"To, ni dai ɗaya aka rubuta mini, ɗaya kuma ta wuce."

Wani a layi ya yi dariya. Ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Ta tambaye shi ko tare da Bartholomew matar ta shiga, shi kuwa hankalinsa na kan canjin wani, ya ce kati dai ɗaya ne, in za ta biya ta biya, in ba za ta biya ba ta ba mutane hanya.

Ta zube masa kuɗin a tebur, ta fizge tikitin.

Ba ta sha wahalar nemansu ba. Suna tsakiyar fili, ƙarƙashin jan ƙwan lantarki. Bartholomew cikin farar rigar da ita da kanta ta ɗinke wa maɓalli, hannunsa shimfiɗe a bayan wata mace, yana dariyar nan tasa mai nuna wushirya. Da matar ta juyo, Roseline ta fara gane koren ɗankwalin kafin ta gane fuskar. Ɗankwalinta ne. Afiniki ce ta are shi da safe.

Afiniki, wadda suke ɗaki ɗaya a gidan malamai. Afiniki, wadda ta dawo daga kasuwa da tsakar rana ta ce ta haɗu da Batho, wato Bartholomew, a tasha, wai jirgin kaya ya makara, kada Roseline ta zo sai ƙarfe shida da rabi.

Roseline ta tsaya har waƙar ta ƙare. Ta so ta ga ko zai sake ta.

Bai sake ta ba sai da aka fara tafi.

Ta juya ta koma ƙofa, ta ajiye tikitin gaban Dogara, ta ce ya ba ta kuɗinta. Ya ce tikitin da aka yaga ba ya komawa. Ta ce ba bisa doka aka karɓi kuɗin ba, sunanta na cikin littafi, kuma ba za ta gusa ba. Magana ta yi tsawo, layi ya tsaya cik, har aka kira mai gidan, Oga Andrawus, wani ƙaton mutum mai sanyin magana. Ya roƙe ta ta shiga ofis ta sha lemo a sasanta, ta ƙi. Ya ciro sule biyar daga aljihunsa ya miƙa mata, ta ƙi karɓa.

"Ba sadaka na zo nema ba, Oga. Gidanku ya ba wata sunana. Ku gaya mini yadda aka yi."

Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce ta ba shi kwana kaɗan, za ta ji daga gare su a rubuce.

A lokacin ne Bartholomew ya fito da gudu, gumi na zuba masa.

"Rose... Rose, tsaya mana. Ba cewa aka yi kin tafi Kagoro ba?"

Ko waiwaye ba ta yi ba. Ya bi ta yana tura kekensa tun daga bakin kasuwa har gidan malamai, yana rantsuwa, yana kiranta 'yar gidana, yana cewa Afiniki ce ta ce babanta ya aiko daga gida a ɗauke ta. Ta shiga ɗaki ta sa sakata. Afiniki ba ta kwana gidan ba, washegari ma sai aikowa ta yi aka kwashe mata kaya zuwa gidan innarta.

Sati biyu Roseline ba ta san inda kanta yake ba. Tana rubutu a allo sai ta ga hannun nan a bayan Afiniki. Ta riƙa tono abubuwan da da ba ta ɗauke su komai ba: ranar da ya kawo musu rake ya fara miƙa wa Afiniki, ranar da ya ce miyar karkashin Afiniki ta yi daɗi. Abin da ya fi cin ta shi ne tunanin yadda ya tsaya a ƙofar nan, ya dubi Dogara ido cikin ido, ya nuna wata ya ce ga Roseline. Wasiƙu huɗu ya aiko. Ta ƙi buɗewa, ta kuma kasa ƙonawa, ta tura su ƙarƙashin katifa.

Ranar Juma'a ta uku saƙo ya zo daga gida: Baba yana nemanta.

Malam Kambai dattijon ikilisiya ne a Kagoro, shekara ashirin yana karanta sanarwa ranar Lahadi. Tun farko bai so zancen Bartholomew ba. Ya ce yaron ɗan Roman Katolika ne, su ba su ɗauki giya da rawa a bakin komai ba, ga shi ma'aikacin reluwe, yau yana Kafanchan gobe an tura shi Makurɗi. Ta same shi zaune a gindin mangwaro da tabarau a hanci da takarda a cinya. Mamanta na bakin madafa tana tsince acca, ba ta ɗago ba.

"Ranar Asabar ta ƙarshen watan jiya, ina kika ce mini kina?"

"Koyon waƙa, Baba."

"Zauna ki ji waƙar."

Adireshin Kagoro Bartholomew ya rubuta mata a littafin membobi, don haka wasiƙar Oga Andrawus ta biyo jakar wasiƙun majami'a ta faɗo hannun Baba. Ya karanta da muryar sanarwa, yana fassarawa layi-layi. Gidan rawa na Farin Wata yana ba Malama Roseline Kambai haƙuri. Sun bincika, sun gano memba ya shiga shi kaɗai tun ƙarfe biyar, ya bar sallahu a ƙofa cewa in ta zo a shigo da ita. Bayan rabin awa wata ta zo ita kaɗai ta ce ita ce Roseline, mai ƙofa kuma bai bincika ba. An hana waccan shiga gidan har wata shida. Daga yanzu ba macen da za ta shiga da kati sai memba ya fito ƙofa da kansa. Ga kuɗinta an mayar, kuma suna gayyatarta rawar Ista kyauta.

"Har da rawar Ista," in ji Baba, ya cire tabarau.

Roseline ta durƙusa tana kuka, amma ita kanta ba ta san na mene ne ba. Kunya ta rufe ta, a ƙarƙashin kunyar kuma wani abu yana saki a ƙirjinta. Shi kaɗai ya shiga. Bai nuna kowa ya kira ta da sunanta ba.

Baba bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi mata sauƙi. Ya ce rawar ba ta dame shi kamar ƙaryar ba. Ya ce ya tura ta makaranta ne don ta riƙa duban mutane a ido, ba don ta koyi ɓoye masa ba. Daga nan ya ce ta aika wa yaron ya zo ranar Lahadi bayan sujada, yana so ya ga mutumin da 'yarsa ta tsayar da layi saboda shi.

Bartholomew ya zo a keke, ya sa kwat cikin zafin nan, ya rame. Ya durƙusa nesa da kujerar Baba. Roseline na bayan ƙofar ɗakin Mama tana ji.

Baba ya tambaye shi iyayensa, da aikinsa, da ko yana shan giya. Ya ce yana shan kwalba ɗaya ranar albashi. Baba ya ce ya zaci zai ce ba ya sha. Sai ya tambaye shi, da aka ce masa Roseline ta tafi Kagoro, me ya zaunar da shi a wurin?

"Raina ne ya ɓaci, Baba. Na ɗauka ta zaɓi ta bar ni ina jira ba ko sallama. Na ce bari in nuna ban damu ba."

"Ka nuna?"

"Na nuna, Baba. Shi ne nake cikin wahalarsa."

Baba ya ce shi bai ce ya yarda ba, bai kuma ce ya ƙi ba. Maganar ikilisiya tana nan, sai manya sun zauna. Amma abu ɗaya: in yana son 'yarsa, ta ƙofar gidan nan zai riƙa zuwa, da rana, ba ta ƙofar Andrawus ba. Ya kira Roseline ya ce ta raka baƙo bakin hanya.

Suka bi ta gefen gonakin da ke gindin dutse, keken a tsakaninsu. Da suka yi nisa, ya dube ta.

"Kin karanta wasiƙuna?"

"A'a."

"Rose..."

"Waƙa nawa kuka yi rawa?"

"Uku."

"Ni ɗaya na gani."

"Uku ne."

Ta tsaya. Ta ji kishin ya taso mata sabo fil. Ta tambaye shi ko bai gane ɗankwalin ba. Ya ce ya gane, Afiniki ta ce kyauta aka ba ta. Ta tambaye shi me Afiniki ta faɗa masa har yake wannan dariya. Ya ce wallahi ya manta, ta ce ƙarya ne, ya yi tunani ya ce labarin hedimasta ne da akuyarsa. Labarin kuwa Roseline ce ta ba Afiniki shi.

"Ka ji daɗin rawar?"

Ya dubi ƙasa, ya dubi dutse, ya dawo da ido kanta.

"Ta farko na ji daɗi. Ta biyu ina ta duban ƙofa. Ta uku ban san me ya sa na tashi ba."

Ta kai masa duka a kafaɗa da jakarta, sau biyu, da ƙarfi. Bai kare ba. Sai ta kama hannun kwat ɗin ta riƙe, ta kifa goshinta a kai, tana kuka tana cewa ya cuce ta, sati uku ba ta ci abincin kirki ba. Ya ce shi ma haka, 'yar gidana, shi ma haka. Ta ce kada ya ƙara kiranta da wannan sunan sai ya turo mutanensa. Ya ce kawunsa na Zonkwa ya riga ya sayi sabuwar hula don zuwan.

Sau ɗaya ta sake haɗuwa da Afiniki, a bakin famfon makaranta. Afiniki ba ta nemi gafara ba. Ta ce ita ta fara ganin Bartholomew, ita ta fara gaishe shi a tasha, ita ta kawo shi ɗakinsu, daga ranar kuma bai ƙara dubanta ba sai in zai tambayi ina Rose. Ta ce so take ko sau ɗaya ta ji yadda ake ji in an shiga wuri a matsayin tasa.

"To, kin ji?"

"Na ji. Ƙofa yake ta kallo."

Roseline ta ɗauki bokitinta ta wuce. Ta so ta ji tausayinta, ta nema a ranta, ba ta samu ba sai kaɗan. Kafin ƙarshen zangon Afiniki ta nemi canjin makaranta zuwa Kasuwan Magani.

Wata takwas manya suka yi suna kai da kawowa kan wace majami'a za a ɗaura auren. A ƙarshe Mama ce, wadda ba ta ce komai ba tun farko, ta ce wa Baba in suka ci gaba da haka yaran za su tsufa a bakin hanya. Aka ɗaura a Kagoro cikin Disamba, Fada, limamin Katolika, ya zo daga Kafanchan ya zauna a layin gaba ya sa albarka.

Cikin kayan da aka tara wa amarya akwai wani babban kwanon tangaran mai furen ja, an naɗe shi da jarida, direban motar Kasuwan Magani ne ya kawo. Ba wasiƙa, sai sunan Afiniki a gefen jaridar. Bartholomew ya ga sunan ya yi sauri ya ce a mayar. Roseline ta juya kwanon, ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta ce a'a, kyauta ce, ba a mayar da kyauta, kuma kwano ne mai kyau.

Da suka tare a kwatas ɗin reluwe, ta wanke shi tas, ta cika shi da ruwa, ta kai shi bayan gida ta ajiye wa kajinta.